Dutsen 'Yanci: Rajistar Matafiya a Tsakiyar Wayomin

A tsakiyar jihar Wayomin ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da garin Casper, akwai wani dutse da ke kwance shi kaɗai a fili kamar an kife ƙwarya. Tsayinsa bai wuce mita 40 ba, tsawonsa ya kusa mita 580, faɗinsa kuwa wajen mita 260. Wanda ya san Kufena ta Zariya ko Kwatarkwashi ya san irinsa, dunƙulallen dutse mai sulɓi wanda iska da rana suka goge, sai dai wannan bai kama ƙafarsu a tsayi ba. Amurkawa na kiransa Independence Rock, wato Dutsen 'Yanci. A jihar da ke da tsaunuka masu tsayin mita dubu huɗu, irin wannan bai isa a ɗaga kai a dube shi ba. Mazauninsa ne ya shigar da shi tarihi. Daga wajajen 1840 zuwa 1869, akasarin mutanen da suka ƙetare Amurka ta ƙasa zuwa Oregon da Kalifoniya da Yuta, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da kusan 400,000, sai da suka bi ta gindinsa. Dubbai daga cikinsu sun tsaya sun rubuta sunayensu a jikinsa.

Ayarin da shanu ke ja ba shi da zaɓin hanya, ruwa da ciyawa ne ke zaɓa masa. Daga gaɓar Kogin Mizuri, matafiya kan kama Kogin Platte su bi shi yamma, su ratsa shimfiɗaɗɗen filin Nebraska, su ɗauki reshensa na arewa har inda garin Casper yake a yau. A nan kogin ke karkata kudu ya shige cikin kwazazzabai da keken shanu ba zai iya bi ba. Dole a rabu da shi a yanki daji na kusan kilomita 80, busasshiyar ƙasa ce mai tafkunan kanwa waɗanda ruwansu ke kashe dabba idan ta sha da yawa. Littattafan tafiya na matafiyan cike suke da labarin gawawwakin shanu a wannan tsakani. Ƙarshen wannan wahala shi ne wani ƙaramin kogi mai sanyi da ake kira Sweetwater, wato Ruwan Daɗi, kuma daidai inda hanya ta haɗu da kogin ne dutsen ke zaune. Saboda haka ya zama zango ba tare da kowa ya shirya ba. Maza su saki shanu su yi kiwo, mata su yi wanki, wasu su koma bakin tafkunan su kankaro farar kanwa su cika buhu, domin da ita suke tashin ƙullun burodi.

Daga dutsen, kogin ke jagorantar ayari yamma har kimanin kilomita 160 zuwa Mashigar Kudu, wadda ita ce mabuɗin hanyar baki ɗaya. Jerin tsaunukan Rocky sun raba nahiyar gida biyu, amma a wannan wuri sun buɗe ƙofa mai faɗin kusan kilomita 30. Tana sama da mita 2,200 daga doron teku, amma hawanta a hankali yake, har matafiya da yawa kan wuce ba su san sun ƙetare ba. Wani ɗan kasuwar fata mai suna Robert Stuart ya bi ta a 1812 yana dawowa daga gaɓar tekun Fasifik. A 1824 ayarin Jedediah Smith ya sake bin ta, bayan mutanen ƙabilar da Turawa ke kira Crow, wato Hankaka, sun kwatanta musu. Littattafan makaranta kan ce waɗannan mutane ne suka gano mashigar, alhali masu kwatancen sun gaji bin ta tun kaka da kakanni.

'Yan kasuwar fata ne suka raɗa wa dutsen suna. Riwayar da ta fi yaɗuwa ita ce ta William Sublette, wanda ya taso daga St. Louis a 1830 da mutum 81 da kekuna goma, zai kai kaya kasuwar shekara-shekara ta mafarautan wata dabbar ruwa da ake kira biba, wadda ake yin hulunan Turawa da gashinta. An ce sun yada zango a gindin dutsen ranar 4 ga Yuli, ranar da Amurka ke bikin samun 'yancin kai daga Birtaniya, suka yi shagalinsu a nan, sunan kuma ya bi dutsen. Tafiyar ta Sublette ta fi sunan muhimmanci, domin ita ta nuna cewa abu mai ƙafafu zai iya zuwa har gindin tsaunuka. Inda keke ya je, mata da yara da garma za su iya zuwa.

Suka kuwa zo. Karyewar tattalin arziki ta 1837 ta tsiyata manoman kwarin Misisifi da Mizuri, zazzaɓin cizon sauro kuma na damunsu kowace shekara, ga labari na yawo cewa a kwarin Willamette na Oregon ƙasa tana nan mai albarka, ba mai ita. A 1843 ayari na farko mai girma, kusan mutum dubu, ya tashi daga garin Independence na Mizuri. A 1846 Birtaniya da Amurka suka raba yankin Oregon tsakaninsu. A 1847 mabiya ɗariƙar Mormon, waɗanda aka kashe shugabansu Joseph Smith a 1844 aka kuma kore su daga garinsu Nauvoo, suka bi hanyar suna neman inda ba wanda zai taɓa su. A watan Janairun 1848 aka tsinci zinariya a Kalifoniya, shekara guda bayan haka hanyar ta koma kamar titin kasuwa. Sannan a 1850 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar bai wa duk farar fata da ya zauna a Oregon eka 320 kyauta, ma'aurata kuma eka 640.

Dutsen a matsayin agogo

Abin da ya sa matafiya ke ɗokin hango dutsen ya wuce ruwan sha. Lissafi ne na kwanaki, kuma rai ne a cikinsa. Tsawon hanyar daga Mizuri zuwa Oregon ya kai kilomita 3,500. Ba a iya tashi kafin ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, domin sai ciyawa ta tsiro ta kai yadda shanu za su ci su ƙoshi. Wanda ya yi gaggawa dabbobinsa za su rame tun a mako na biyu. Wanda ya makara zai tarar na gaba sun cinye ciyawar, sun ɓata ruwan. A can ƙarshen hanya kuma akwai tsaunukan Sierra Nevada ga masu zuwa Kalifoniya, da Shuɗɗan Tsaunuka ga masu zuwa Oregon, inda dusar ƙanƙara kan fara toshe mashigai tun daga Oktoba. Tsakanin fitowar ciyawa da saukar ƙanƙara, wata biyar ne zuwa shida, babu ƙari.

Bijimi kan yi kilomita 20 zuwa 25 a wuni idan hanya ta yi kyau. An fi son bijimai a kan alfadarai saboda sun fi araha, suna rayuwa da ciyawar daji, kuma idan tura ta kai bango ana yanka su a ci. Keken da suke ja na kaya ne, cike da garin alkama da busasshen naman alade da gahawa da sukari, mutane kuwa a ƙasa suke takawa, manya da yara, sai mara lafiya ko mai tsohon ciki. Dutsen 'Yanci yana kimanin kilomita 1,300 daga Independence. Da wannan tafiya, ayarin da ya tashi farkon Mayu zai iso shi a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Daga nan aka samu ƙa'idar da ake yawan ambata: wanda 4 ga Yuli ta same shi a dutsen ko gaba da shi, yana kan lokaci, wanda ta same shi a baya, ya ƙara sauri. Ana yawan cewa dutsen rabin hanya ne. Bai kai ba. Kashi biyu ne cikin biyar, kuma kashi ukun da suka rage su ne masu hamada da tsaunuka, a lokacin da shanu suka gaji, ƙafafun kekuna suka bushe suka fara sakin ƙarfensu.

Ayarin iyalan Donner da Reed shi ne misalin da kowa ke bayarwa. Sun bar Independence ranar 12 ga Mayu, 1846, suna cikin na ƙarshen tashi a wannan shekara, kuma sun iso dutsen kimanin mako guda bayan 4 ga Yuli. Makarar mako guda ba ta isa kashe kowa ba. Abin da ta yi shi ne ta sa su karɓi shawarar da mai isasshen lokaci zai yi tsaki ya wuce. A wannan yanki na kogin ne wasiƙar wani mai suna Lansford Hastings ta riske su, yana tallar wata sabuwar hanyar yanke ta kudancin Babban Tafkin Gishiri, wadda shi kansa bai taɓa bi da keken shanu ba. Bahaushe na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma su shekarar ce ba su da ita. Suka bi yanken, ya ci musu kusan wata guda a sarar daji da ƙetaren hamadar gishiri. Ƙanƙara ta rufe su a Sierra Nevada a farkon Nuwamba. Cikin mutum 87, 48 ne suka fita da rai, wasunsu bayan sun ci naman 'yan uwansu da suka mutu.

Abin da ya faru bayan shekara goma ya fi wannan yawan gawa, kuma a idon dutsen ya faru. Cocin Mormon na da dubban sababbin mabiya talakawa a Ingila da ƙasashen Sikandinebiya waɗanda ba su da kuɗin sayen bijimai. Shugaban cocin, Brigham Young, ya kawo dabarar su ja kayansu da kansu a keken hannu mai ƙafa biyu, irin wanda ake kira kura, kowane baligi da kayan da ba su wuce kilo takwas ba. Ayari uku na farko a 1856 sun isa lafiya. Biyun ƙarshe, na James Willie da na Edward Martin, jiragen ruwansu sun makara, kekunansu ba su gama haɗuwa da wuri ba, sai a watan Agusta suka bar Florence ta Nebraska. Wani mutum da ya san hanya, Levi Savage, ya gargaɗi ayarin Willie cewa tafiya da tsofaffi da yara a wannan lokaci halaka ce. Aka rinjaye shi, ya bi su duk da haka.

Ranar 17 ga Oktoba, mutanen Martin suka rage kayansu don su ƙara sauri, suka zubar da barguna da tufafi masu nauyi. Kwana biyu bayan haka, ranar da suka yi ƙetaren ƙarshe na Kogin Platte cikin ruwa mai ƙanƙara, guguwar hunturu ta sauka. Sun wuce Dutsen 'Yanci a farkon Nuwamba, wata huɗu bayan lokacin da ya kamata. Kimanin kilomita goma gaba akwai Ƙofar Shaiɗan, wata tsaga mai zurfin sama da mita 100 da kogin ya huda a jikin dutse, kusa da ita kuma akwai wani lungu da suka fake na kwana biyar, wanda har yau ake kira da sunan Martin. A nan rabon garin alkama ya sauko zuwa kimanin giram 110 ga baligi a wuni. Masu ceto da aka turo daga Birnin Tafkin Gishiri sun riga sun same su, amma abin da suka kawo bai isa ba. Sai ranar 30 ga Nuwamba suka shiga birnin. Cikin kusan mutum dubu na ayarin biyu, sama da 200 sun mutu, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma sun rasa yatsu ko ƙafafu. Tarihin cocin ya fi son ba da labarin ta fuskar juriya da jarumtar masu ceto, kuma akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiyar cewa waɗanda suka sake su daga Florence a watan Agusta sun san lissafin hanyar sarai.

Sunaye

A 1840 wani fada na Katolika haifaffen Beljiyam, Pierre-Jean De Smet, ya bi ta wurin ya tarar tuni jikin dutsen ya cika da sunaye, ya laƙaba masa Rajistar Hamada, ya kuma ƙara nasa. Wannan kafin zuwan manyan ayari ke nan. Bayan 1849, neman wurin rubutu a ƙasa-ƙasa ya zama aiki, sai an hau sama.

Hanyoyin rubutun biyu ne. Mai sauƙi ita ce a ɗebi cakuɗen kwalta da kitse da ake shafa wa cibiyar ƙafafun keke, wasu su haɗa da albarushi, a shafa suna da kwanan wata da garin da aka fito. Mai wuya ita ce a sassaƙa da cizal da guduma, kuma dutsen na da tauri ƙwarai, na cikin tsofaffin duwatsun nahiyar ne, shekarunsa sun haura biliyan biyu da rabi. Mutumin da ya wuni yana tafiya ba kasafai yake da ƙarfin wannan ba. Shi ya sa wasu 'yan Mormon masu sana'ar sassaƙa suka riƙa zama a wurin suna yi wa matafiya a kan dala ɗaya zuwa biyar kowane suna. Ba ƙaramin kuɗi ba ne a zamanin da lebura ke samun kimanin dala ɗaya a wuni.

Rubutun na da amfani fiye da son a sani. Iyalai da maƙwabta sukan rabu a hanya, wani ayari ya riga wani da mako biyu, babu kuma gidan waya a tsakanin 'yan sansanonin soja da na kasuwanci. Wanda ya iso dutsen kan zagaya shi yana karantawa, yana neman sunan ɗan'uwa ko suruki. Idan ya gani, ya san har ranar kaza mutumin na da rai. Haka suke barin saƙo a kan ƙoƙon kan ɓauna a bakin hanya. Kuma tambayar ko mutum na da rai ba ta wasa ba ce, domin kafin a iso dutsen sai an wuce kwarin Platte, inda kwalara ta yi sansani a 1849 da 1850 da 1852. Dubban mutane da dabbobi na yada zango wuri guda, suna haƙa 'yan rijiyoyi marasa zurfi kusa da inda na gabansu suka yi bahaya. Mutum kan karya kumallo lafiya a binne shi kafin dare. Masana tarihi na ƙiyasta cewa kashi huɗu zuwa shida cikin ɗari na matafiyan sun mutu a hanya, kuma cuta ce ta ɗauki mafi yawansu, sai haɗarin bindiga da nutsewa a kogi da faɗawa ƙarƙashin keke. Sau da yawa a tsakiyar hanya ake haƙa kabari, a bi ta kai da kekuna don kada kyarketai su gane wurin. Daga dutsen zuwa gaba, inda ƙasa ta yi tudu ruwa kuma ke gudu, cutar kan lafa.

Wani rubutu guda ya shiga siyasar ƙasa. A watan Agustan 1842, John C. Frémont, hafsan soja mai zana taswira wanda Kit Carson ke yi wa jagora, ya sassaƙa gicciye babba a jikin dutsen ya cike shi da baƙin danƙo don ya jure ruwa da iska, ya kuma ambaci haka a rahotonsa da gwamnati ta buga, rahoton da ya zama littafin jagora ga matafiya. Ana ba da labarin cewa wasu matafiya sun fasa wannan ɓangare da albarushi a bikin 4 ga Yuli na 1847. A 1856 Frémont ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa na farko na jam'iyyar Rifablikan, a lokacin da ƙin Katolika ke tashe. Abokan hamayya suka tono gicciyen, suka haɗa da cewa mahaifinsa Bafaranshe ne kuma fada ne ya ɗaura masa aure, suka ce ɓoyayyen Katolika ne. Ba shi ba ne, ɗan cocin Episkofal ne. Ya faɗi zaɓen a hannun James Buchanan saboda dalilai da suka fi wannan girma, batun bauta a kan gaba, amma gicciyen ya ba shi wahala.

Rajista kowace iri ce tana da waɗanda ba ta ɗauka. Akasarin sunayen na maza ne. A ayarin farko na Brigham Young, wanda ya wuce dutsen ranar 21 ga Yuni, 1847, akwai bayi baƙar fata uku, Green Flake da Hark Lay da Oscar Crosby, waɗanda iyayen gijinsu suka tura su share hanya su gina musu gidaje. Sun wuce ta gindin Dutsen 'Yanci suna mallakar wasu. A Oregon ɗin da ake rububin zuwa, gwamnatin riƙo ta yi doka tun 1844 ta hana baƙar fata zama, dokar rabon ƙasa ta 1850 kuma ba ta haɗa da su ba.

Sai masu ƙasar. Kwarin Ruwan Daɗi da filayen da ke gabas da shi wurin farauta ne na Shoshoni da Arapaho da Shayen da Lakota da Hankaka, waɗanda Turawa suka haɗa wa suna guda, Indiyawa. Finafinan kaboyi sun cusa wa duniya hoton kekuna sun yi da'ira, mahaya masu gashin tsuntsu suna zagaye su da kibau. Masanin tarihi John Unruh ya bi bayanan 1840 zuwa 1860 ya ƙirga matafiya 362 da 'yan asalin ƙasar suka kashe, da 'yan asalin ƙasa 426 da matafiya suka kashe, kuma kusan kashi tara cikin goma na kisan matafiyan ya auku ne yamma da Mashigar Kudu. A ɓangaren dutsen, abin da ya fi yawa ciniki ne: nama da takalman fata da dawaki a musanya da tufafi da sukari, da taimakon ƙetare kogi.

Ɓarnar ta wata hanya ta zo. Dubban ɗaruruwan shanu da dawaki da tumaki sun cinye ciyawar kwarin har nisan kilomitoci daga kogi. An sare 'yan itatuwan bakin ruwa da mutanen ke fakewa cikinsu da hunturu, har matafiya suka koma girki da busasshen kashin ɓauna. Garkunan ɓauna, waɗanda su ne abinci da tufafi da tantin waɗannan al'ummu, suka ƙaurace wa hanyar. Kwalarar 1849 ta shiga sansanonin Shayen da Lakota ta yi musu mummunar ɓarna. A 1851 gwamnati ta tara kusan mutum dubu goma kusa da sansanin Laramie aka ƙulla yarjejeniya: su bar matafiya su wuce, su yarda a gina sansanoni, ita kuma ta biya kaya na dala 50,000 duk shekara har shekara hamsin. Da takardar ta isa Majalisar Dattawa, aka mai da hamsin ɗin goma.

Zaman lafiyar shekara uku ya yi, kuma saniya ce ta karya shi. A watan Agustan 1854, wata gurguwar saniya ta wani matafiyin Mormon ta ɓace ta shiga sansanin Lakota gabas da Laramie, wani baƙo a sansanin ya yanka ta. Sarkinsu, wanda Turawa ke kira Conquering Bear, ya yi tayin biyan doki. Wani matashin laftanar, John Grattan, ya nace sai an miƙa masa mutumin, ya je da sojoji 29 da tafinta da igwa biyu. Aka yi harbi, sarkin ya samu raunin da ya kashe shi, Grattan da mutanensa kuma ba wanda ya rayu. Shekara mai zuwa Janar William Harney ya rama a kan wani sansani a Blue Water, aka kashe mutum 86, har da mata da yara. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙen da suka ɗauki sama da shekara ashirin. A 1868 aka keɓe wa Shoshoni na Sarki Washakie, wanda bai taɓa yaƙar matafiya ba, yankin Wind River arewa maso yamma da dutsen. A 1878 gwamnati ta kawo Arapaho na arewa, tsofaffin abokan gabarsu, ta zaunar da su a yanki guda. Har yau suna can tare.

Ƙarshen hanyar ya zo da sauri. Mahaya masu kai wasiƙa na Pony Express sun bi ta gindin dutsen daga Afrilun 1860, wayar tangaraho ta kashe sana'arsu a Oktoban 1861. Ranar 4 ga Yuli, 1862, wasu matafiya 'yan ƙungiyar Firimason suka yi zama a ƙolinsa, wanda ake lissafawa a matsayin na farko a ƙasar da ta zama Wayomin. Ranar 10 ga Mayu, 1869, aka haɗe layin dogo daga gabas zuwa yamma a Promontory ta Yuta, kuma layin ta kudancin Wayomin ya bi, nesa da Ruwan Daɗi. Tafiyar wata biyar ta koma ta mako guda. Kwarin ya zama wurin kiwon shanu.

Wani tsoho ne ya farfaɗo da zancen. Ezra Meeker ya bi hanyar yana saurayi a 1852 da matarsa da jaririnsu. A 1906, yana da shekara 75, ya ɗaura wa bijimai keke ya sake bin ta daga yamma zuwa gabas, yana roƙon garuruwa su kafa alamu kafin garma ta shafe sawun. Ya kai kekensa har Washinton ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt. Ya rasu a 1928, shekara biyu kafin babban taron cika shekara ɗari da tafiyar Sublette da aka yi a gindin dutsen. A 1961 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Yau babbar hanya mai lamba 220 ce ke wucewa ta gefensa, da wurin hutawar direbobi da 'yar turba da ta kewaye shi. An yarda a hau, an haramta ƙara rubutu. Sunayen kwalta da kitse kusan duk sun wanke, sai 'yan kaɗan da ke cikin kogo da ƙarƙashin lanƙwasar dutse inda ruwa ba ya kaiwa. Na sassaƙa, waɗanda ake ƙiyasta sun kai dubu biyar, su ma suna tafiya a hankali: gansakukan dutse na cin gefen haruffa, zafi da sanyi kuma na sa dutsen ɓare fatarsa falle-falle kamar albasa, hanyar da ta ba shi siffar ƙwarya tun farko. Mafi bayyana su ne na ƙoli, inda aka fi samun aikin ƙwararru, kuma sun fi karantuwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta karkata inuwa ta cika ramin haruffan.